Yadda na kai kuɗin gidanmu banki lokacin canjin kuɗi

Shekaran jiya bayan isha'i Baba ya aika a kira ni zaure, ina zuwa ko gaisuwar kirki bai bari mun gama ba yace wai yaji a majalisa ana cewa gwamnati ta kawo sabuwar dokar haraji, duk mai kuɗi a akawun za'a riƙa yankar nata kaso, don haka gobe in shirya inje in kwaso masa nasa. Na zauna nayi masa bayani iya sanina, nace Baba dokar nan Tinubu ya sa mata hannu tun 26 ga Yunin 2025, aka tsara ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, kuma harajin akan abinda mutum ya samu ne ba akan abinda ya ajiye ba, wanda ma samunsa bai wuce dubu 800 a shekara ba babu ruwansa. Ya saurare ni har na gama, ya gyara hularsa yace "ai wancan karon ma haka ka zauna a wajen nan ka tsara min magana."

Toh ban da amsa. Don gaskiyarsa ne, ni ne na tsara maganar wancan karon, kuma ni na ɗauki kuɗin gidan da hannuna na kai Gumel.

Ƙauyenmu yana tsakanin Gumel da Maigatari ne amma ba kan titi ba, sai ka sauka ka hau mashin ka yanki yashi. Baba riɗi da zoɓo yake nomawa banda gero na ci, sannan yana ɗan taɓa harkar dabbobi ranar Alhamis a kasuwar Maigatari. Bai taɓa buɗe akawun ba a rayuwarsa kafin 2023. Kuɗinsa suna cikin wani akwatin ƙarfe ne a ɗakinsa, makullin yana ɗaure a jikin tazugen wandonsa, in ciniki ya faɗa a ƙirga a miƙa a tafa, shikenan.

Ranar 26 ga Oktoban 2022 gwamnan babban banki Emefiele ya fito yace za'a canza 200 da 500 da 1000, tsofaffin zasu daina aiki 31 ga Janairu. Dalilin da suka bayar wai cikin tiriliyan 3.2 da ke yawo a ƙasa kusan tiriliyan 2.7 basa cikin bankuna, suna hannun mutane, ga jabun kuɗi, ga masu garkuwa da mutane da ke karɓar fansa buhu buhu, ga kuma zaɓe na tafe ana so a karya masu sayen ƙuri'a. Ni a lokacin wallahi na yarda da abin ɗari bisa ɗari, har musu nake a shayi ina cewa ɓarayin gwamnati ne zasu ji a jikinsu, talaka me ya tara da zai ji tsoro. Abinda ban lissafa ba shine cikin wancan tiriliyan 2.7 ɗin harda kuɗin riɗin Baba, da adashen Inna, da kuɗin sadakin ƙanina da ake tarawa, da na mai ƙosai da na mai nika. Mu ne "wajen banki" ɗin da ake faɗa ashe.

Baba shi da farko ko a jikinsa. Yace ya ga canjin kuɗi na 1984, shima Buharin ne yana soja, aka rufe boda aka canza launin kuɗi cikin ƴan kwanaki, mutane suka yi asara amma aƙalla wanda ya isa layi yana miƙa tsoho a miƙo masa sabo hannu da hannu. Don haka yace in lokaci yayi zai je a canza masa. Nace Baba wannan ba haka bane, wannan sai dai ka zuba a akawun, daga baya ka riƙa cira kaɗan kaɗan. Yace to in bani da akawun fa? Nace sai a zuba a nawa. Ya kalle ni wani irin kallo da har yau ban manta ba, ba wai bai yarda da ni bane, kawai dai uba ya miƙa wa ɗansa duk abinda ya mallaka ya koma yana tambayarsa kuɗin cefane, abin da nauyi.

Aka ci Nuwamba aka ci Disamba. Ance sababbin sun fito tun 15 ga Disamba amma mu bamu gansu ba sai a waya, sai wajen tsakiyar Janairu wani direba ya shigo da dubu ɗaya sabuwa guda ɗaya tal aka kewaye shi ana kallo kamar an kawo kura. Shuɗiya, ɗari biyar kuma ance koriya, ɗari biyu ja ja. Wani tsoho ya juya ta ya juya yace wannan ai tsohuwar ce aka kai karofi aka rino.

Abinda ya tada hankalin Baba ba rediyo bane, kasuwa ce. Alhamis ɗin da ta rage saura kwana goma sha biyu wa'adi ya cika yaje Maigatari, ya tarar wasu dillalan sun fara ƙin karɓar tsofaffi, wasu kuma masu tsofaffin da yawa suna bin dabba suna saye ko nawa aka ce basa tayawa, don dai su rabu da takardun. Ya dawo da magariba yace a tara kowa.

Daren nan ba zan manta shi ba. Aka shimfiɗa tabarma a ɗakin Baba aka kunna cocila biyu, na ɗauko littafin makaranta mai shafi arba'in na ja layi, suna a hagu adadi a dama. Baba ya buɗe akwati, Inna ta kawo na adashe da ke hannunta na mata goma sha ɗaya a cikin kwalla, abokiyar zamanta ta kawo nata ƙulle a leda cikin leda cikin leda, Kawu ya shigo da nasa a aljihun ƴar shara, har maƙota da suka ji labari suka fara sallama. Wasu kuɗin sun yi fumfuna suna warin ƙasa, wasu gara ta ci gefensu, wata dubu ɗaya an liƙe ta da salatif har kan hoton. Muka ƙirga sau uku saboda kullum sai a samu bambancin ɗari biyar. Gaba ɗaya miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas da ƴan kai, na Baba shi kaɗai ya kusa miliyan da ɗari biyu.

Mutum ɗaya ce taƙi, Kaka, mahaifiyar Baba. Naje ɗakinta na durƙusa nace Iya a kawo na wajenki kar su mutu a hannunki. Tace "kai tafi can mijin banza, ko sisi baka taɓa bani ba sai yau zaka zo karɓa? Ni na ga fam da sule sun tafi naira ta zo, ba'a kashe kowa ba." Nayi nayi taƙi, ƙarshe ma tace bata da komai. Kowa a gidan ya san tana da shi don tana saida daddawa da kuka, amma wa zai bincike ɗakin Iya.

Washegari Juma'a na saka kuɗin a buhun taki na ɗora ganyen zoɓo a sama, ƙanina ya goya ni a mashin. Muna isa bankin na gane ban san komai ba. Layi ya fito daga get ya bi jikin katanga ya sha kwana, mutanen ƙauyuka ne birjik da buhuna da jakunkuna, Fulani da sandunansu, tsofaffi mata zaune a ƙasa. Wani saurayi da ba ma'aikaci ba ya naɗa kansa mai rubuta lamba, ya rubuta min ɗari uku da wani abu a bayan hannu da biro. Har aka tashi masallaci aka dawo ba'a kai ɗari da hamsin ba. Na koma gida da buhuna, Asabar da Lahadi na kwana da shi a ƙarƙashin kaina, Litinin na kwana Gumel gidan wani abokina don inyi asubanci.

Talata wajen azahar na samu shiga. Na ɗora buhu akan kanta, yarinyar ta karɓi lambar akawun ta danna ta ɗago tace malam akawun ɗinka ƙarami ne, ba ya ɗaukar sama da dubu 300. Ashe wanda na buɗe ina makaranta ne da hoto ɗaya da lambar waya, ban taɓa tara abinda ya kai a gane yana da iyaka ba. Tace sai na ɗaga shi, inje wancan teburin. Wancan teburin kuma nasa layin daban. Mutumin yace in kawo katin ɗan ƙasa, hoto biyu, da takardar biyan kuɗin wuta. Nace yallaɓai garinmu ko turken wuta babu, da me zan biya kuɗin wuta? Ya ɗan yi dariya, ba ta mugunta ba, shima ka gani a gajiye yake idonsa jajir, yace to in samo ta gidan wani ɗan uwa a cikin gari in rubuta adireshin can. Wato sai nayi ƙaryar inda nake zaune kafin a yarda in ajiye kuɗin halak. Na samo ta gidan abokina, na cike fom, akace sai an tura an amince, in dawo jibi.

Nan fa lissafi ya fara. Na zuba iya abinda akawun ɗin zai ɗauka ranar, na kira wani ɗan ajinmu mai POS na roƙe shi ya karɓi dubu ɗari huɗu ya zuba ta wajensa, yace zai karɓa amma duk dubu goma ɗari biyu, na yarda don babu yadda zanyi. Sauran na koma da su gida. Baba ya ganni da buhu bai ce komai ba, sai Inna ce tace "ɗan nan ko dai bankin ma sun ƙoshi ne?"

Sai Juma'a 27 ga wata aka ɗaga akawun ɗin, na sake bin layi na zuba ragowar. Suka ware dubu bakwai suka ce sun lalace da yawa basa karɓa, na mayar aljihu. Na fito da ƴar takardar shaida a hannu ina jin kamar na sauke dutse, na hau mashin ina ta murna har gida, na nunawa Baba alat a waya na karanta masa adadin. Yace to madalla, Allah yayi albarka. Lahadi 29 ga wata sai ga sanarwa wai an ƙara kwana goma zuwa 10 ga Fabrairu. Banji haushi ba ma, nace ai mu mun gama.

Ashe shigar ce mai sauƙi.

Satin farko na Fabrairu Baba yace in ciro masa dubu ɗari zai sayi ɗan maraƙi. Naje ATM, layin yafi na zuba kuɗi, kuma ance ko ka isa dubu 20 ce iyaka a rana, to mu da muka isa ma dubu biyar injin yake bayarwa, kafin azahar ya ƙare. A cikin banki wata rana dubu uku suke ba kowa, wata rana suce babu. Ka kashe kuɗin mai zuwa da dawowa ka wuni da yunwa ka dawo da dubu uku. An yi ta sanarwar wai akwai wakilai da zasu shiga ƙauyuka suna canza wa mutum har dubu 10 hannu da hannu, mu dai sau ɗaya suka zo garin da ke kusa da mu, kafin labari ya iso mana sun tafi. Masu POS kuwa suka zama sarakai, wanda da ɗari yake karɓa a dubu biyar ya koma dubu ɗaya, daga baya dubu goma sai ka bar dubu biyu har da ɗari biyar, kuma sai yaga dama, sai ka san wani. Ban cika zaginsu ba don na ga yadda suma suke sayen kuɗin a wajen gidajen mai da manyan ƴan kasuwa. Naira ake saye da naira, abinda ko a tatsuniya ban taɓa ji ba.

Akace to a koma tiransifa. A garinmu sabis waje ɗaya yake kamawa, kan wani tudu bayan makarantar firamare kusa da bishiyar kuka, nan zaka ga mutane tsaye kowa ya ɗaga waya sama kamar masu neman wata. Ka danna lambobin ya juya ya juya yace a sake gwadawa, ko kuma mafi muni a cire a naka bai shiga can ba, kai kana rantsuwa ka tura shi yana rantsuwa bai gani ba, kuma duk ku biyun gaskiya kuke faɗa. Dubu talatin da biyar ɗin da na tura wa mai taki sai da ta kwana goma sha shida a sama kafin ta dawo, nayi zuwa banki uku akanta ina cike fom.

Kasuwa kuwa ta rabu biyu, komai farashi biyu ne, na kash da na tiransifa. Akuyar da za'a saya dubu ashirin da biyar in da takarda a hannu zaka bayar sai a sallama maka a sha biyar, don mai ita magani zai saya ko gishiri da omo kuma mai gishirin bashi da akawun. Wanda ya samu sababbin kuɗi a lokacin, kuma mun san irin waɗanda suke samu, ya kwashi dabbobi da hatsin talakawa a arha ya tara. Mata suka koma musaya kamar zamanin da, kwanon gero a baki manja da magi. Ta ɓangaren Maigatari wasu sai sefa suka koma karɓa, kuɗin Nijar, a cikin ƙasarmu. Ni abinda yafi ci min rai matan adashen Inna ne, kullum da safe sai kaji sallama, wannan ɗanta ba lafiya, wannan zata je biki, kowacce tana son dubu biyu ko uku daga kuɗinta, ni kuma ina da su a waya bani da su a hannu. Wata tsohuwa a cikinsu ta kalle ni tace "ɗana in ka ci ne ka faɗa min, na yafe maka, kar ka riƙa wahalar da kanka da ƙarya." Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, ranar ban ci abincin dare ba.

Su kuma manya can sama rigimarsu suke. Tinubu da kansa, ɗan takarar jam'iyyar da ke mulki, ya tsaya a Abeokuta yace canjin kuɗin da wahalar mai duk shi ake wa zagon ƙasa. Gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai gwamnatin tarayya kotun ƙoli, ranar 8 ga Fabrairu kotu tace a dakata da wa'adin, babban banki yayi kamar bai ji ba. 16 ga wata Buhari yayi jawabi yace tsohuwar 200 kaɗai ta ci gaba har 10 ga Afrilu, El-Rufai ya fito yace a Kaduna duka suna aiki, Ganduje a Kano yana barazanar rufe duk wanda yaƙi karɓa. To kai mai shago a ƙauye wa zaka bi, shugaban ƙasa ko gwamna ko kotu? Kowa sai ya bi tsoronsa, yaƙi karɓa. Kuma sayen ƙuri'ar da akace za'a hana, ranar 25 ga Fabrairu da idona naga ana raba taliya da atamfa da sabulu, wasu ana karɓar lambar akawun ɗinsu wai za'a tura. Da mutum ya wuni bai ga ɗari biyar ba ai ƙuri'arsa ma araha ta ƙara yi.

Ana cikin haka ƙanwata ta fara naƙuda da daddare ta zo da gardama, sai an kaita asibiti. Mai motar da zai ɗauke mu yace shi man da zai zuba da kash ake sayarwa, bai san wani tiransifa ba. Baba mai miliyan a banki yana tsaye tsakar gida da dubu ɗaya da ɗari biyu a aljihu. Sai ga Iya ta fito daga ɗaki tana ɗingishi, ta kwance bakin zaninta ta zaro ƴan ɗari bibbiyu tsofaffi, waɗanda Buhari ya dawo da su kwana huɗu kafin nan, ta ƙirga dubu takwas ta miƙa wa direban, ta juyo ta kalle ni tace "mijin banza, ina bankin naka?" Aka sauka lafiya, namiji.

Ranar 3 ga Maris kotun ƙoli ta yanke hukunci tace tsofaffin duka suna nan har 31 ga Disamban 2023, amma sai da aka ƙara kwana goma kafin babban banki ya buɗe baki yace a bi. Bayan zaɓen gwamna na 18 ga Maris na koma Gumel, layi ya ragu, na rubuta dubu ɗari biyu, yarinyar nan dai ta wancan karon ta turo min bandir biyu. Tsofaffi. Irin waɗanda na kwana uku a layi na kawo, masu laushi masu warin ƙasa, har ina duba ko zan ga mai salatif ɗin nan. Na kawo wa Baba ya juya su a hannu ya daɗe yana kallo, sannan yace in ɗauko littafin nan. Muka bi layi layi muka sallami matan adashe da Kawu da maƙota a cikin sati biyu, cajin POS da kuɗin mai da duk abinda ya zube a hanya Baba yace a ɗora a kansa, da na haɗa ya haura dubu sittin, banda akuyoyi biyu da ya sayar a wulaƙance. Iya kuwa da ta tashi fito da nata na dubu dubu da ɗari biyar biyar, ko naira ɗaya bata yi ciwon kai ba. Daga baya ma a watan Nuwamba kotun tace a ci gaba da amfani da tsoho da sabo babu ranar dainawa, Emefiele kuma tun watan Yuni an dakatar da shi.

Abin mamaki duk da haka Baba ya buɗe akawun nasa na kansa a ƙarshen shekarar, ba don ya so ba, masu sayen riɗi daga Kano ne suka koma sai tiransifa. Na kaishi aka ɗauki yatsunsa aka yi masa BVN, yanzu ma a garinmu masu POS uku ne, mai shayi ma yana da lambar akawun a jikin teburinsa. Amma kuɗi basa kwana biyu a ciki yake juya su zuwa buhu ko dabba, musamman da yaga yadda naira ta zube bayan cire tallafin mai, abinda ka ajiye da rani kafin kaka ya zama rabi. Kuma duk naira 50 ɗin da ake cirewa in kuɗi sun kai dubu goma yana sane da ita, sai yasa na karanta masa alat ɗin yace ka gani ko, sun fara.

Shekaran jiyan dai haka muka rabu, nace Baba ka bari in ƙara tambaya, yace tambayi duk wanda zaka tambaya amma ka fara kawo min kuɗina. Jiya naje na ciro masa, mai POS ya cire nasa. Gobe Alhamis, yace in tashi da wuri zamu Maigatari, akwai wasu bijimai biyu da ya gani wancan satin.